Yadda Ake Horar da Zuciya a Kan Tausayi ta Hanyar Zuzzurfan Tunani Irin na Mabiya Buda

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa tausayi halitta ce, wato wani an haife shi da taushin zuciya, wani kuwa tasa a bushe take tun yana goye, kuma babu abin da za a iya yi a kai. Malaman addinin Buda sun daɗe da saɓa wa wannan fahimta. A wurinsu tausayi abu ne da ake koyo da maimaici, a fara da wanda ya fi sauƙin tausayawa, a riƙa matsawa sannu a hankali har a kai ga wanda zuciya ba ta ko son jin sunansa. Na rubuta wannan bayani ne ina tunanin mu mazauna Kaduna. Mutanen garin nan suna da tausayi ƙwarai, kuma duk wanda ya ga yadda ake cika gidan rasuwa a Tudun Wada ko a Sabon Tasha ba zai yi musu ba. Abin da yake damuna shi ne tausayin namu yana da iyaka, kuma sau da yawa iyakar tana tsayawa a kan dangi, ko unguwa, ko addini, ko ma a bakin gadar kogin Kaduna. Horon da zan bayyana an tsara shi ne musamman domin ture wannan iyaka gaba.

Inda hanyar ta samo asali

Siddhata Gotama, wanda aka fi sani da Buda, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau, ya kuma yi koyarwarsa a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin abin da ya koyar akwai halaye huɗu da ake so mutum ya raya a zuciyarsa, waɗanda da harshen Pali ake kira metta, karuna, mudita da upekkha: fatan alheri ga kowa, tausayin wanda yake cikin wahala, taya mai samu farin ciki ba tare da hassada ba, da kuma daidaiton zuciya. Wanda ya fi kowa tsara yadda ake horon dalla-dalla shi ne wani malami mai suna Buddhaghosa, wanda ya rayu a ƙarni na 5 miladiyya, ya kuma rubuta littafinsa Visuddhimagga a birnin Anuradhapura na ƙasar Siri Lanka. Babi na 9 na littafin kacokan a kan waɗannan halaye huɗu yake, kuma matakan da ke ƙasa daga can aka ciro su.

Wajibi ne in faɗi wani abu a fili kafin a ci gaba. Aƙidar addinin Buda ba a gina ta a kan imani da Mahalicci ba, kuma tana koyar da cewa ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa, saboda haka ta saɓa wa Musulunci da Kiristanci tun daga tushe. Ba wannan aƙida nake kiran kowa zuwa gare ta ba. Atisayen da ake magana a kai babu rusunawa ga gunki a cikinsa, babu kiran sunan wani abin bauta, babu karanta wani wuridi. Zama ne kawai da juya tunani zuwa ga halin da wani ɗan Adam yake ciki. Jami'o'in Emory da Stanford a Amurka sun daɗe suna koyar da shi ga likitoci da malaman makaranta da sauran jama'a ba tare da ɓangaren addinin ba. Musulmi ya riga ya san hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa masu jinƙai Mai rahama yana jinƙan su, Kirista kuma ya san labarin Basamariyen kirki a cikin Luka sura 10. Umarnin yana nan a wurinmu tun tuni, abin da ake arowa a nan tsarin atisaye ne kaɗai. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa ko fastonsa kafin ya fara.

Na san kuma mai karatu zai tuna da Myanmar, inda daga watan Agustan 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh saboda farmakin sojoji, alhali wasu daga cikin malaman Buda na ƙasar suna rura wutar ƙiyayya. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ba ta da wani uzuri. Abin da take nunawa shi ne samun koyarwa a cikin littafi ba ya hana mutum killace tausayinsa ga nasa kaɗai, kuma babu al'ummar da ta tsira daga wannan cuta.

Shirin zama

Ka zaɓi lokaci guda ka tsaya a kansa. A garinmu babu lokacin da ya kai bayan sallar asuba, kafin 'yan Keke Napep su cika titi da ham, ko kuma bayan isha'i idan yara sun kwanta, in dai janareton maƙwabta zai bari. Minti 10 zuwa 15 sun isa ga mai farawa. Zama a kan tabarma da ɗan matashi a ƙarƙashi ya yi, kujera ma ta yi, musamman ga mai ciwon gwiwa. Babu buƙatar harɗe ƙafafu irin na hotunan da ake gani a intanet. Abin lura kawai shi ne baya ya miƙe ba tare da ƙagewa ba, hannuwa su huta a kan cinya, idanu a lumshe ko a sunkuyar da su ƙasa. Waya kuwa a bar ta a wani ɗakin.

Minti biyu ko uku na farko na natsuwa ne. Ka bi numfashinka da hankali yana shiga yana fita, ba tare da ka ja shi da ƙarfi ba, kana ƙirga kowace fita daga ɗaya zuwa goma, sannan ka koma ɗaya. Hankalinka zai gudu zuwa kuɗin makarantar yara ko bashin da ake binka, wannan kuwa ba gazawa ba ce, haka hankalin kowa yake. Da zarar ka farga, sai ka dawo da shi ba tare da tsangwamar kanka ba.

Daga nan sai ka ɗan tsaya a kan kanka. Ka tuna wata damuwa da take cin ka a kwanakin nan, ka yarda a zuciyarka cewa tana da zafi, kuma kana son rabuwa da ita. Buddhaghosa ya ce ana yin haka ne domin mutum ya kafa kansa a matsayin shaida: kamar yadda nake son jin daɗi nake gudun wahala, haka kowane mai rai yake. Wannan jimla ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, saboda haka kada a tsallake ta don ganin kamar son kai ne.

Wanda za a fara da shi

Tausayi ana fara horonsa ne da mutumin da wahalarsa take a bayyane, wadda ido ya gani ba sai an ba da labari ba. Misalin da tsohon littafin ya bayar shi ne na miskinin da ya rasa hannuwa da ƙafafu, yana zaune da ƙoƙon bara a gabansa. Mu ba ma buƙatar dogon nema. Akwai dattijon da yake bara a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, akwai matar da ta kwana a barandar asibiti tana jinyar ɗanta, akwai almajirin da yake rawar ɗari da sassafe a cikin hunturu. Ka zaɓi mutum ɗaya tak wanda ka gani da idonka, kuma ka riƙe shi na tsawon kwanaki, kada ka riƙa sauya mutum kullum.

Akwai waɗanda aka hana farawa da su, kuma dalilan suna da ma'ana. Ba a farawa da wanda ka fi ƙauna, kamar ɗanka ko mahaifiyarka, domin wahalarsu takan jefa mutum cikin kuka da firgici maimakon natsuwa. Ba a farawa da abokin gaba, domin fushi ne zai taso. An kuma yi gargaɗi a kan wanda zuciya take sha'awa, saboda sha'awa takan sa rigar tausayi ta shigo, haka nan a kan wanda ya riga ya rasu, tunda zaman zai koma makoki. Mamaci addu'a ce haƙƙinsa, kuma tana da nata wurin.

Ka kawo fuskar mutumin a zuciyarka yadda ka gan ta, da tufafinsa, da wurin da yake zaune. Kada ka tsaya a kan kalmar “talaka” ko “marar lafiya”, ka shiga cikin filla-fillar abin: yaya darensa yake, me ya ci jiya, wa yake tambayarsa ya jiki, me yake ji idan mutane suka wuce shi suna kawar da kai? Yayin da kake wannan, ka lura da jikinka. Wani zai ji ƙirjinsa ya yi nauyi, wani maƙogwaro ne zai shaƙe masa, wani kuwa zai ji yana son ya tashi ya bar zaman. Ka bar abin da ka ji ya zauna na ɗan lokaci, kada ka kore shi, kada kuma ka ƙara masa gishiri.

Sannan sai ka fara yi masa fata a zuci, da kalmomi kaɗan waɗanda ba ka canzawa. A asalin hanyar fata ne zalla: ina fatan ka rabu da wannan wahala, ina fatan ka samu sauƙi. Ga mai imani kuwa bakinsa ya riga ya saba da abin da ya fi wannan, kuma babu dalilin da zai sa ya bar nasa. Ka kira mutumin yadda za ka kira shi da kuna fuska da fuska: sannu Baba, Allah ya yaye maka, sannu Inna, Allah ya ba yaron lafiya, Allah ya kawo miki mafita. Jimla ɗaya a kowace fitar numfashi ta isa. Bambancin wannan da “Allah ya sawwaƙe” da muke jefawa muna tafiya shi ne a nan ana faɗa a hankali, ana kallon fuskar mutum ɗaya a zuci, ana kuma nufin kowace kalma.

Abokin gaba na kusa

A nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe, kuma a ganina a nan ne tsohuwar koyarwar ta fi nuna zurfinta. An ce kowane ɗaya daga halayen nan huɗu yana da abokan gaba biyu, na nesa da na kusa. Na nesa ga tausayi shi ne mugunta, ita kuwa kowa yana gane ta. Na kusa shi ne baƙin ciki, wanda ya yi kama da tausayi har mutum ya kasa bambance su. Mai baƙin ciki yana ganin wahalar wani sai ta zama tasa, hankalinsa ya bar mai wahalar ya koma kan zafin da shi kansa yake ji, daga nan kuma abin da zai nema shi ne hanyar tsira, wato ya kawar da kai. Da yawa daga cikin waɗanda muke zargi da bushewar zuciya a asibitoci da ofisoshi ba haka suka fara ba. Sun sha ganin wahala ne har suka gaji, sai suka rufe ƙofa domin su iya ci gaba da aiki.

Binciken zamani ya gaskata wannan rabe-rabe. A wani nazari da Olga Klimecki da Tania Singer da abokan aikinsu suka wallafa a 2014 daga Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus, an fara horar da mutane su riƙa jin zafin wasu kamar nasu, aka nuna musu bidiyon masu shan wahala, sai ƙuncinsu ya ƙaru, sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da jin ciwo suka ƙara motsi. Da aka horar da mutanen nan dai a kan tausayi, wato fatan alheri da son taimako, sai ƙuncin ya sauka, wasu sassan daban masu alaƙa da ƙauna da kusanci suka ɗauki aiki. Wahalar da suke kallo ba ta canza ba, yadda suke tsayawa a gabanta ne ya canza.

Saboda haka idan kana zaune ka ji hawaye sun rinjaye ka, ko zuciyarka ta fara bugawa da sauri, ka saki hoton mutumin, ka buɗe ido, ka koma ƙirga numfashi har ka daidaita. Idan ka dawo, ka rage kallon raunin ka ƙara nauyi a kan fatan. Alamar da za ka gane kana kan hanya ita ce zuciya tana da ɗumi amma ba ta girgiza, kuma tambayar da take tasowa ita ce me zan iya yi masa. Wannan darasi ya fi shafar masu jinya, da matan da suke kula da tsofaffin iyaye ko surukai shekara da shekaru, waɗanda ba kasafai ake tambayarsu yaya nasu ƙarfin ba.

Akwai wani ɓoyayyen abokin gaba kuma, wato raini. Mutum yakan tausaya wa wani daga sama, yana jin daɗin cewa shi ba haka yake ba. Maganinsa shi ne komawa ga jimlar nan ta cewa kamar yadda nake gudun wahala haka kowane mai rai yake, a tuna cewa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa ba wani abu ba ne illa hatsarin mota guda, ko gobara guda a kasuwa, ko rashin lafiyar da ta cinye jari.

Masoyi, sannan wanda ba ruwanka da shi

Bayan mako ɗaya ko biyu, idan fatan ya fara fitowa ba tare da tilas ba, sai ka ƙara mutum na biyu, wanda kake ƙauna kake kuma girmamawa, kamar malaminka, ko yayarka, ko aminin da ya taɓa tsaya maka. Ko da a yau lafiyarsa ƙalau, yana da abin da yake ɗauke da shi, kuma tsufa da rashi suna gabansa. Wannan mataki ba ya ba da wuya, ba sai an daɗe a kansa ba.

Mataki na uku shi ne wanda nake roƙon mai karatu ya fi ba lokaci, wato mutumin da ba ka so ba ka ƙi, wanda kake gani kullum amma bai taɓa tsaya maka a rai ba. Mai ga-ruwan da yake turo kura layinku, yaron motar da ya karɓi kuɗinka daga Kawo zuwa Kasuwa, yarinyar da take zaune a rumfar cirar kuɗi, mai facin da ke bakin titi. Za ka tarar da wani abin mamaki: zuciyarka ba ta da abin cewa a kansa, fuskarsa ma da ƙyar take zuwa. Wannan shirun shi ne ainihin wurin aikin, domin yawancin mutanen duniya a wannan rukuni suke a wurinka, kuma idan fitina ta tashi a gari, mutanen wannan rukuni ne ake fara mayarwa abokan gaba, tunda ba a taɓa ɗaukar su a matsayin masu uwa da 'ya'ya ba.

Ka ba shi rayuwa a tunaninka ba tare da ka ƙirƙiro masa ƙarya ba. Ka san tabbas yana da wadda ta haife shi, ya taɓa yin zazzaɓi, an taɓa wulaƙanta shi, akwai abin da yake hana shi barci. Ka yi masa fata da kalmomin da ka yi wa na farko, ba ragi. Idan ka saba da wannan, sai ka zaɓi wani da gangan daga ɗaya ɓangaren gari. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 mutanen Kaduna suka ware, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa, har ga shi an samu matasan da suka girma a Rigasa ba su da aboki ko ɗaya a Narayi, da na unguwar Television da ba su taɓa shiga gida a Badarawa ba. Mazaunin Unguwar Sarki ya ɗauki matar da take sayar da doya a Sabon Tasha, mazaunin Barnawa ya ɗauki mai shayin da ya taɓa gani a Mando. Tsadar abinci da kuɗin asibiti da tsoron hanya ba su tambayi ɗayansu addininsa ba, kuma wannan kaɗai ya isa abin yin tunani na minti goma.

Wanda ya ɓata maka

Kada ka fara da babban maƙiyi. Ka ɗauki ƙaramin saɓani: maƙwabcin da yake sako muku ruwan kwata, abokin aikin da ya kai ƙararka, kishiya ko facalar da magana ba ta daɗi tsakaninku. Da zarar fuskarsa ta zo, zuciya za ta fara karanto laifuffukansa. Idan haka ta faru, ka koma kan ɗaya daga mutanen baya har zuciya ta yi laushi, sannan ka sake gwadawa.

Buddhaghosa ya jero dabaru da dama na kwance fushi. Ɗaya ita ce ka nemi hali guda mai kyau a wurin mutumin ka tsaya a kansa, ko da iya gaisuwa ce ko kula da iyayensa. Wata ita ce ka dubi abin da fushin yake yi maka, inda ya kamanta mai fushi da wanda ya ɗebi garwashi da hannu domin ya jefi wani, shi ne zai fara ƙonewa. Idan kuwa mutumin yana cikin daula duk da zaluncinsa, har kana ganin babu abin tausayi a tare da shi, an ce ka tuna da ɓarawon da ake tafiya da shi wurin kisa, mutane suna miƙa masa abinci mai daɗi a hanya: yana ci, amma babu mai hankalin da zai yi sha'awar matsayinsa. Dabara ta ƙarshe da ya kawo, bayan duk sauran sun gaza, ita ce kyauta, ka ba shi wani abu naka ko ka karɓi nasa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ƙwaryar abinci ko goro yake yi tsakanin maƙwabtan da suka daina gaisawa.

Tausaya wa mai laifi ba ya nufin wanke shi, ko janye ƙara, ko komawa inda za a sake cutar da kai. Kana iya fatan mutum ya rabu da muguntar da take cin sa alhali kana neman haƙƙinka a gaban alƙali. Wanda kuma aka kashe masa ɗan'uwa, ko aka yi garkuwa da shi, ko aka ci zarafinsa, kada ya tilasta wa kansa kawo fuskar wanda ya yi masa haka. Ya tsaya a matakan farko muddin yana buƙata, kuma idan zaman yana tayar masa da firgici ko mugayen mafarkai, ya dakata ya ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa. Cewa abin yana yiwuwa kuwa, muna da shaida a cikin garin nan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Su daga addinansu suka samo ƙarfin yin haka, ba daga wannan atisaye ba, kuma amincewar ba a rana ɗaya ta ginu ba.

Rushe iyaka da faɗaɗawa

Manufar matakan nan ita ce a kai inda fatan da kake yi wa kanka, da masoyinka, da wanda ba ruwanka da shi, da wanda ya ɓata maka, zai zama nauyinsa ɗaya. Wannan matsayi ne mai nisa, kuma ba na jin ya kamata mai farawa ya riƙa auna kansa da shi kullum. Abin da zai iya yi shi ne ya rufe kowane zama da faɗaɗawa: daga mutanen gidansa zuwa layinsu, zuwa unguwa, ya haye kogi, ya bi gabas da yamma da kudu da arewa, ya haɗa da na gadon asibiti da na gidan yari da waɗanda aka raba da ƙauyukansu, har da dabbobi, domin a wannan koyarwa jakin da aka yi wa lodi fiye da kima yana cikin lissafi. Minti biyu sun wadatar.

Mabiya Buda na Tibet suna da wani salo da ake kira tonglen, wanda ake dangantawa da koyarwar Atisha, malamin da ya isa Tibet daga Indiya a 1042. A cikinsa mutum yana raya cewa yana shaƙar wahalar wani tare da numfashi, yana fitar masa da sauƙi. Yana da ƙarfi, amma ba na ba mai farawa shawarar shigarsa kafin ya iya bambance tausayi da baƙin ciki a jikinsa.

Wasu ranakun za ka zauna ka ji babu komai, kalmomin suna fita a bushe. Ka ci gaba da faɗarsu, domin niyyar ake horarwa, jin daɗin kuwa yakan zo ya tafi. Idan gyangyaɗi ne matsalar, ka buɗe ido, ko ka yi atisayen a tsaye, ko ka mayar da shi wani lokacin da ba bayan cin tuwo ba. Kuma ka riƙe abin tsakaninka da zuciyarka, ba sai an sanar a Facebook ba.

Daga tabarma zuwa titi

Akwai shaidar cewa zaman yana taɓa aiki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun horar da mutane minti 30 kullum na mako biyu, suka tarar sun fi sauran yarda su kashe kuɗinsu domin taimakon wanda aka zalunta a wani wasan gwaji. A shekarar dai, a Jami'ar Northeastern da ke Boston, an sa mutane a ɗakin jira inda kujeru suka cika, sai wata mata ta shigo tana dogara sandunan guragu. Kusan rabin waɗanda suka yi makonni 8 suna zuzzurfan tunani sun tashi sun ba ta wuri, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 15 cikin 100 ne kawai suka tashi. Sai dai mutanen da aka gwada a Boston ba su kai 40 ba, kuma wani nazari na 2018 da ya tattara bincike fiye da 20 ya nuna cewa tasirin matsakaici ne, bai kuma samu hujjar cewa zuzzurfan tunani shi kaɗai yana rage ƙyamar wasu jinsin mutane ba. Wannan sakamako na ƙarshe ya kamata mu ɗauke shi da muhimmanci a Kaduna. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya yi wata guda yana yi wa mai doyar Sabon Tasha fata a zuci, ya kamata wata rana ya hau mota ya je ya saya a wurinta, ya tambaye ta ya kasuwa, ya yara.

Saboda haka ka haɗa kowane mataki da aiki ɗaya ƙarami a cikin makonsa. A makon mai wahala, ka tsaya ka gaishe shi ka tambayi sunansa kafin ka miƙa abin da za ka miƙa. A makon wanda ba ruwanka da shi, ka daina yi wa mai ga-ruwa ciniki a kan abin da bai kai ya kawo ba. A makon wanda ya ɓata maka, ka riga shi sallama, idan kuma aka yi masa rashi ko gobara ka je jaje da ƙafarka. Bayan wata guda ka duba abubuwa na zahiri: shin kana saurin kawar da kai kamar da, shin muryarka ta sauka a kan yaran gida da masu yi maka aiki, shin kana iya sauraron mai kuka har ya gama ba ka katse shi da nasiha ba? Idan ka ga babu abin da ya motsa, ka rage tsawon zaman zuwa minti biyar domin ya ɗore kullum, ka koma mataki na farko, ka zaɓi mutumin da ya fi kusa da ƙofar gidanka.